Shuka ma tana da garkuwar jiki, a daina ɗora komai a kan feshi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, dan Allah ina roƙon a bani ɗan fili in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Ni malamin makaranta ne, darasin aikin gona nake koyarwa a sakandare, kuma ina noma kamar kowa a nan yankinmu na Yamaltu Deba, da damina dawa da wake da gyaɗa, da rani kuma ɗan lambu a ƙasan dam ɗin Dadin Kowa. Ina bin shafinku na noma sosai kuma ina ƙaruwa, amma na lura kusan duk inda aka taɓo maganar cutar amfanin gona, a jarida ne ko a rediyo ko a Facebook, magana ɗaya ce take fitowa, wane magani za'a fesa. Kamar dai ita shukar wata aba ce da aka ajiye a fili bata iya komai sai abinda aka zuba mata. Wallahi ba haka bane, kuma wannan fahimtar tana cinye mana kuɗi da lafiya.

Bari in fara da abinda ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan. Ranin da ya wuce ƙanena ya sa tumatir a wani ɗan fili kusa da nawa, yayi kyau har mutane na tsayawa kallo, sai kawai ganyen sama ya fara nannaɗewa yana ƙanƙancewa, gefensa yayi ɗorawa, shukar ta tsaya cak bata ƙara tsawo ba, fure kuma yana zubewa. Idan ka girgiza ta sai kaga wasu ƙananan fararen ƙudaje sun tashi buu daga bayan ganye. Ya tsinki ganye ya kai wani shagon maganin feshi, aka haɗa masa kwalba uku da ƙullin hoda ɗaya aka ce ya gauraya duka a jarka ɗaya. Na same shi da hantsi yana feshi ba takunkumi ba takalmi, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf da maganin da ke ɗiga daga murfin jarkar, idonsa jajir. Nace masa kai wannan cutar fa bairos ce, farin ƙudan nan ne ya kawo ta, kuma idan ta riga ta shiga jikin shuka babu maganin da ke fitar da ita duk duniya, sai dai ka tuge waɗanda suka kamu ka binne ka ceci sauran. Yace Yaya ai mai shago yace sau uku zan fesa zata warware. Ya fesa sau ukun, bata warware ba, ya kwana biyu yana fama da ciwon kai da amai. Amma abinda ya tsaya min a rai shine, a cikin filin nan akwai wasu kunya biyu da ya cike da wani iri daban da ya samo wajen abokinsa saboda nasa bai kai ba, ƙuda ɗaya ne ke sauka a kansu, ruwa ɗaya, taki ɗaya, amma su suna nan kore shar har suka yi 'ya'ya. Toh me ya kare su? Ai ba feshi bane tunda duka aka fesa. Wani abu ne a cikin jikinsu da Allah Ya halicce su da shi.

Mu mutane da dabbobi muna da jini mai zagayawa, a cikinsa akwai fararen ƙwayoyi masu bin cuta duk inda ta shiga su yaƙe ta. Shuka bata da wannan, bata da sojan da ke yawo, kuma bata iya guduwa. Sai aka yi mata wani tsari daban, jikinta duk ƙananan ɗakuna ne da masana ke kira sel, ido baya ganinsu sai da madubin bincike, kuma kowane ɗaki shine maigadin kansa. Tun daga waje akwai katanga, wannan santsin da kake ji a bayan ganye da farin garin da ke jikin karan dawa, kakin zuma ne iri na shuka da ke hana ruwa zama, kuma yawancin funfuna sai da laima take tsirowa. A jikin ganye kuma akwai ƙananan ƙofofi da yake shaƙar iska da su, ta nan ƙananan ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya ke son shiga, an gano a 2006 cewa idan ganye ya ji alamar bakteriya yana rufe ƙofofin nan da kansa, wasu bakteriyar kuma suna fitar da wani sinadari da zai sake buɗe su da ƙarfi. Kaga ashe kokawa ce ake yi a kan ganye ɗaya muna wucewa bamu sani ba.

Yaya shuka take gane cewa baƙo ya zo? A bangon kowane ɗaki akwai wasu na'urori kamar kunnuwa, suna gane wani ɗan yanki na wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, suna kuma gane sinadarin da ke jikin ɓawon funfuna. Da zarar sun taɓa shi, cikin mintoci ɗakin zai fara ƙara kaurin bangonsa daidai inda ake son hudawa, ya zubo da guba mai kashe ƙwayar cuta. Yawancin cututtuka a nan suke tsayawa, shi yasa cutar da ke kama dawa bata kama kuɓewar da ke gefenta, da ace shuka bata da kariya da ba'a ga ganye ko ɗaya a doron ƙasa ba, don iska da ƙasa cike suke da ƙwayoyin cuta.

Wannan gubar da nake faɗa kowa a ƙasar Hausa ya taɓa ganinta da idonsa, bai dai san sunanta ba. Ka je gonar dawa wajen watan tara ka duba ganyen ƙasa, zaka ga ɗigo ɗigo ja ko shuni shuni, ko ka tsaga karan da tsutsa ta huda kaga hanyar da ta bi tayi ja kamar an zuba jini. Mu muna cewa cuta ce ta sa shi ja, eh cutar ce sanadi, amma jan ba na cutar bane, na dawar ne. Ita ce take haɗa wannan jan sinadarin ta tara shi daidai wurin da funfuna ta shigo don ta kashe ta. Kuma dangin sinadarin nan ne yake cikin karan dafi, wanda majema da dukawa suke rina jar fata da shi tun kaka da kakanni, sai dai shi karan dafi yana tara shi da yawa a kubensa ko da cuta ko babu. Ranar da na fara karanta wannan na daɗe zaune ina tasbihi, ace jan da ke jikin rigar layar da kakanninmu suka rataya da kuben wuƙa da titimi, asalinsa makamin dawa ne. Na kai ganyen aji na raba wa yara suna dubawa, wata yarinya tace Malam kenan dawar ciwo take ji? Nace a'a, faɗa take yi.

Haka auduga da aka san Gombe da ita, baƙaƙen ɗigon da ke jikin ganyenta da cikin angurya guba ce a ciki ta kare kai, shi yasa ba'a cika wa kaji da ƙananan maruƙa angurya. Tohon dawa da gyauro kuwa kowane Bafulatani ya san suna iya kashe saniya musamman bayan fari, ɗacin rogo ma haka. Duk kariya ce.

Toh amma wasu cututtukan sun fi wayo, suna da allurar da suke tsira wa ɗakin su zuba masa wasu sinadarai da ke kashe ƙararrawar, sai su shiga su zauna lafiya. A nan ne mataki na biyu yake, kuma shine ya fi shafar mu manoma. A cikin ɗakin akwai wasu masu gadin da aikinsu kawai su gane waɗannan sinadaran na yaudara, idan suka gane, ɗakin da aka shiga da na kewaye da shi sai su kashe kansu nan take. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san idan gobara ta kama a unguwa abu na farko da ake yi shine a tuge dangar kara da zanan gidajen da ke kusa tun wuta bata iso ba, a yi asarar danga a tsira da gari. Haka ganye yake yi, sai kaga ɗan ɗigo busasshe kamar kan allura, cutar ta mutu a ciki da yunwa, sauran ganyen lafiya lau. Sai dai wannan dabarar tana aiki ne a kan cutar da ke buƙatar nama mai rai, akwai masu cin mushe da su wannan ma daɗi yake musu, su kuma da wata hanyar ake tarar su.

Su waɗannan masu gadin na ciki gado ne, a cikin iri suke, wani iri yana da su wani babu. Wani masani a Amurka mai suna Harold Flor shi ya fara warware wannan tun wajen 1942 zuwa 1956, yana aiki a kan cutar tsatsa da ke kama wata shuka da ake zare da mai da ita, ya nuna cewa kowace ƙwayar gado ta kariya a jikin shuka tana da takwararta a jikin cuta, kamar kwaɗo da ɗan makulli, idan sun dace shuka ta gane ɓarawo, idan basu dace ba ya wuce ta gabanta bata ganshi ba. Wannan shine amsar kunya biyun ƙanena.

Akwai ma abin mamaki da ya fi wannan, ganyen da aka kai wa hari yana aika saƙo ga sauran jiki. A 1961 an gwada a jikin taba, aka sa wa ganyen ƙasa bairos, bayan kamar mako guda aka sa wa na sama, sai aka ga na saman sun riga sun shirya, cutar bata yi musu illa sosai ba. Sinadarin da ke tsakiyar wannan shiri sunansa salisilik asid, ɗan uwan asfirin ɗin da muke sha, har a 1979 wani mai bincike a Ingila ya sa wa ganyen taba asfirin ya ga juriyarsa ta ƙaru. Amma dan Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya jiƙa asfirin a jarka yace malam ya faɗa a jarida, idan yayi yawa ƙona ganye yake, kuma shukar da take cikin shirin yaƙi kullum bata girma yadda ya kamata, ƙarfin da zata sa a 'ya'ya ya tafi wajen gadi.

Yanzu bari in zo kan wuta-wuta, ciyawar nan mai manne wa saiwar amfanin gona tana tsotsa, wadda wasu ke kira ƙuduji, don ita ce babbar abokiyar gabarmu a nan, duk wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Dukku ko Bajoga da kaka ya ga gonakin dawa sun yi fure ja ja kamar an yi ado, mai gonar kuwa zuciyarsa ce ke ƙuna. Ƙwayar irinta kamar ƙura take, guda ɗaya tana zubar da dubbai, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Bata tsirowa sai ta ji ƙanshin wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Me yasa dawa zata kira mai kashe ta? Ba ita take kira ba, akwai wata funfuna ta kirki a cikin ƙasa da ke taimaka wa saiwa jawo abinci, ita ake kira, kuma idan ƙasa ta gaji abinci yayi ƙaranci sai dawar ta ƙara ɗaga murya, wuta-wuta ta ji ta farka. Iyayenmu da suke cewa wuta-wuta ciwon matacciyar gona ce, a kai taki, gaskiya suka faɗa tun kafin a auna a ɗakin bincike. Wani masani ɗan ƙasar Habasha, Gebisa Ejeta, ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2009 saboda aikinsa na fitar da irin dawa mai jure wuta-wuta da fari.

Ta wake kuma daban ce da ta dawa, gajera ce. An samu wani tsohon irin wake na manoman Botsuwana da ake kira B301, idan wuta-wuta ta manne a saiwarsa sai wurin ya mutu yayi baƙi ta rasa inda zata sha, wato dabarar tuge danga ce dai a ƙarƙashin ƙasa. Daga irin wannan jinin ne masana na IITA, wato cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya suka fitar mana da irin su SAMPEA 10. Na taɓa sa shi gefe da gefe da wani waken da na saya a kasuwa, na tono saiwoyin duka biyu na wanke a bokiti, na kasuwar duk ƙulle ƙulle ne da fararen tsiron wuta-wuta sun kama shi kamar kaska, ɗayan kuwa sai ɗan tabo baƙi nan da can. Amma ko shi B301 an samu wata wuta-wuta a Zakpota ta Jamhuriyar Benin da bai iya gane ta ba. Cuta tana canza kama, shi yasa babu irin da za'a ce shikenan an gama har abada, a alkama ma haka akayi da wata tsatsa da ta ɓulla a Yuganda wajen 1999 ta karya kariyar da aka daɗe ana dogaro da ita.

Dattawanmu basu manta kuturtar gyaɗa ta 1975 ba, wadda ta lalata gyaɗa a fili kusan hekta 700,000 a Arewa, tana cikin abubuwan da suka taru suka kwantar da dalar gyaɗa. Ita ma bairos ce, ƙananan kwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗa ta. Juriyar da aka yi amfani da ita wajen fitar da iri masu tsira daga gare ta, asalinta daga tsofaffin irin gyaɗar manoman iyakar Burkina Faso da Kwaddebuwa aka samo ta, yau ga su SAMNUT 21, 22, 23 da 24 a hannunmu. A shinkafa ma, ɗaya daga cikin shahararrun ƙwayoyin gado na kariya daga bakteriya, wadda aka ware a 1995 a Amurka, daga wata shinkafar daji ta ƙasar Mali aka ɗauko ta, irin wadda mu muke nomewa a matsayin ciyawa.

Malam Edita ka duba wannan da kyau, Botsuwana, Burkina, Mali, duk daga rumbun talaka da bakin fadama aka samo garkuwar. Mu kuma yau me muke yi da namu tsofaffin irin? Dawar da kakana yake nomawa kala huɗu ce a gona ɗaya, da kaura da farafara da wasu biyu da yanzu ko a kasuwar Kumo ban ganinsu, ga gero ga maiwa ga wake a tsakani, idan cuta ta kama ɗaya sai ta ci karo da wanda bata iya ci. Yanzu gari guda kowa iri ɗaya, idan wani ya samu buhu da yawa bana baɗi kowa shi zai shuka. Mutanen Ailan sun dogara da dankalin Turawa kusan iri ɗaya, da cuta ta zo a 1845 kusan mutum miliyan 1 yunwa da cututtukanta suka kashe, kuma irin cutar nan ce take damun maƙwabtanmu na Filato a dankalinsu har gobe. Cutar da ta lalata gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 ma ai bata yi nisa ba. Ni bana ƙin sabon iri, ni ma shi nake shukawa kuma ina kira a shuka, amma sabon daga tsohon ake ƙera shi, ranar da tsohon ya ƙare masanan Samaru ma basu da inda zasu nemo.

Sannan mu da hannunmu muke raunana garkuwar. A fadamun Dadin Kowa na sha ganin mutum ya labta wa shinkafa yuriya har ta yi baƙi baƙi don kore, yana murna, alhali ganyen yayi taushi ruwa ruwa bangonsa yayi siriri, sai cutar nan mai busar da wuyan zangarniya ta shigo, kai ya fito fari fat ba ƙwaya. Da ya raba yuriyar kashi kashi ya haɗa da kamfa da takin gida da ya fi masa. Gyaɗa idan an shuka da wuri kuma aka matse ta ta rufe ƙasa kuturta bata cika samunta ba. Wanke iri da magani kafin shuka yana tare burtuntuna da kuɗi kaɗan. Feshi yana da wurinsa, ban ce a jefar da jarka ba, tsutsar wake da ta masara idan sun zo dole a tare su, amma a san me ake fesawa kuma don me. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a ciki, wanda aka hana a can kuwa mu da 'ya'yanmu ne muke cinsa a ƙosai da alale.

Roƙona gare ku shine ku ware ko rabin shafi ne lokaci lokaci ku gayyato masana, ga su nan kusa, kwalejin koyon noman lambu ta tarayya a Dadin Kowa, ga jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ga ta Kashere, ga malaman gona na hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohin Gombe da Bauchi, su yi mana bayani da Hausa tsantsa wane iri ne yake jure wace cuta, a ina ake samun na gaskiya ba wanda aka rina aka zuba a leda ba, kuma yaya manomi zai bambance cutar bairos da ta funfuna da ƙarancin taki kafin ya taka zuwa shago. Ku sa hotuna masu kala don wanda karatunsa bai yi nisa ba ya gane. Masu shagunan magani ma a haɗa da su a horon, da yawansu ba mugunta bace, basu sani bane.

Ni dai a nawa ɓangaren na sa ɗalibaina kowa ya tambayi kakarsa ko kakansa irin da suke ajiye da shi a tulu ko a saman rumbu, ya kawo ko cikin tafin hannu ne, mu rubuta sunansa da garin da ya fito a jikin kwalba. Mun tara na dawa da wake da riɗi da gujiya, in Allah Ya kai mu damina zamu shuka su layi layi a bayan ajujuwa, a wani fili da wuta-wuta ta riga ta cinye, mu ga wanda zai tsaya. Idan akwai wani masani da ke karanta wannan da zai so ya zo ya duba tare da mu ko ya ɗebi samfuri, ƙofa a buɗe take, ya nemi adireshina ta hannun Edita.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka, Ya bamu damina mai albarka.

Naku,
Malamin aikin gona kuma manomi,
daga Kwadon, ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, Jihar Gombe.